Zafin inji mai zuwa yana tafiya: ta ina za a fara bincike?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Malam, ina da tsohuwar mota mai shan fetur wadda ta haura shekara 20 da ƙerawa. Ta daɗe tana yi mini aiki lafiya, sai a 'yan watannin nan ta ɓullo da wani hali da ya ɗaure mini kai. Sai in yi kwanaki ina hawa allurar zafi tana tsakiya ba ta motsi, sannan wata rana ina cikin cunkoso in ga ta fara hawa sannu a hankali har ta kusa taɓa ja, amma da zarar hanya ta buɗe na taka mota sai ta sauko. Akwai ranar da ta hau ina tsaye, na kunna esi saboda yaran da ke baya, sai na ga ta sauko maimakon ta ƙaru. Haka kuma a wata doguwar tafiya da na yi da kaya ta ɗan ɗaga a wurin hawan tudu, ko da yake ba ta kai ja ba. Ruwa yana raguwa, nakan ƙara kamar kofi guda a mako, kuma ruwan famfo nake zubawa, amma ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Duk sa'ad da na kai ta gareji sai ta ƙi nuna halin nata. Wani bakanike ya ce a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye. Wani kuma ya ce gasket ne, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, sai an buɗe kan inji. Maganar wa zan bi?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka bi maganar ko ɗaya daga cikinsu tukuna, domin dukansu sun yanke hukunci ne ba tare da sun gwada komai ba, alhali wasiƙarka ta riga ta ƙunshi alamun da za a kama bakin zaren da su. Zafin da ke zuwa yana tafiya yana da lokacinsa, kuma lokacin da yake zuwa shi ne yake nuna ɓangaren da ya gaza. Lura da ka yi da sa'ad da allurar ke hawa da sa'ad da take sauka ta fi duk wani kayan da za a saya a canza bisa zato amfani.

Inji yana aiki yadda ya kamata ne idan zafin ruwansa yana tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Selsiyos, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da yake ƙonawa ta hanyar ruwan nan yake fita a matsayin zafi. Kafin hakan ya yiwu sai ruwan ya cika, ya riƙa zagayawa da ƙarfi, iska ta riƙa ratsa lagireto, sannan murfi ya riƙe matsi a ciki. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya mutu gaba ɗaya, mota za ta riƙa zafi kullum, kuma gano wannan ba shi da wuya. Taka kuwa ko dai wani abu ne yake aiki yau ya ƙi gobe, ko kuma wani ɓangare ne ya raunana, yana iya ɗaukar tafiyar yau da kullum amma ya gaza idan aka matsa masa. Ina ganin motarka tana da iri biyun duka.

Mu fara da cunkoso, domin a nan alamar ta fi fitowa fili. Idan mota tana gudu, iskar hanya kaɗai ta isa ta sanyaya lagireto, fanka ma ba ta da wani aiki sosai. Idan ta tsaya kuwa, babu abin da ke jawo iska sai fanka. Saboda haka allurar da ke hawa a tsaye ta sauko a guje tana nuna cewa fanka ba ta tashi a lokacin da ya kamata. Abin da ka gani ranar da ka kunna esi ya ƙara ƙarfafa wannan, domin a yawancin motoci masu fankar lantarki kunna esi yana tayar da fanka ta wata hanya dabam, ba tare da jiran umarnin da ke zuwa daga zafin ruwa ba. Esi ƙarin nauyi ne a kan inji, kamata ya yi zafi ya ƙaru. Tun da ya ragu, to fankar da ta yi shiru ce ta tashi. Wannan ya sa abin zargi na farko shi ne makunnin zafi ko sansa, wato na'urar da ke jin zafin ruwa ta ba da umarni, sai rile, wato ɗan makunnin lantarki da ke sakar wa fanka wuta, sai mahaɗin wayoyi. Sai dai ka duba ko motarka mai fanka biyu ce, domin idan haka ne yana yiwuwa ta biyun ce esi ya tayar, ita kuwa ta farkon, ɗan injin lantarkin da ke juya ta ne yake ƙi lokaci-lokaci. Akwai kuma motocin da fankarsu take da gudu biyu, ƙarami da babba, inda ƙaramin kan mutu ba a sani ba, fanka ta ƙi tashi sai zafi ya yi nisa.

Gwajin wannan ba ya bukatar komai sai haƙuri. Ka ajiye motar a fili, ka kashe esi, ka buɗe bonet, ka bar inji yana aiki kana kallon allura da fanka tare. A mota mai lafiya fanka za ta tashi da kanta idan zafi ya kai wajen digiri 95 zuwa 100, ta yi ɗan lokaci ta tsaya, sannan ta sake tashi. Ka bari ta maimaita haka sau da yawa, kuma ka sake gwajin bayan ka dawo daga tafiya komai ya ɗauki zafi, domin rile da wayar da suka tsufa sukan yi aiki da sanyi su ƙi da zafi, wanda shi ne dalilin da motar take kyautata hali a gaban bakanike. Idan allura ta wuce tsakiya fanka tana tsaye, sai ka ɗan ƙwanƙwasa rilen da ke cikin akwatin fis da ƙotar sukundireba. In ta tashi nan take, an kama mai laifi. A motoci da yawa akwai wani rile iri ɗaya da shi a akwatin, kamar na oda, wanda za a iya musanyawa a gani. Ka zare mahaɗin wayar fanka ka leƙa cikinsa bayan ka kashe mota: robar da ta narke ta yi baƙi, ko ƙarfen da ya yi kore, sun isa su yanke wuta lokaci-lokaci. Ka kiyaye hannunka da hannun rigarka daga fanka, domin a wasu motocin takan tashi ko da an zare makulli. Wanda motarsa take da fankar da fambel ke juyawa, shi kuma kulocin da ke tsakiyar fankar zai duba: idan inji ya yi zafi an kashe shi amma fanka tana juyawa sakayau da ɗan yatsa, kulocin ya gama aiki.

Zafin da ka gani a hawan tudu kuwa ba na fanka ba ne, kuma a nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani a kan ruwan famfon da kake zubawa. Mota mai gudu tana da iska isasshiya, don haka idan ta yi zafi a lokacin da take jan nauyi, to ko dai ruwa ba ya zagayawa sosai, ko kuma lagireto ba ya iya fitar da zafin da ake kawo masa. Ruwan famfo yana ɗauke da ma'adanai da ke daskarewa a jikin ƙarfe idan ya sha zafi, irin farin ɓawon da ake gani a cikin butar dafa ruwa, kuma ba shi da sinadarin hana tsatsa da ke cikin kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman da ake sayarwa. Bututun lagireto sirara ne ƙwarai, kaɗan daga wannan datti ya isa ya toshe wasu daga cikinsu. Lagireton da kashi ɗaya cikin huɗu nasa ya toshe zai iya ɗaukar zirga-zirgar cikin gari, ya gaza ranar da aka yi lodi aka fuskanci tudu. Ana gane shi da na'urar auna zafi daga nesa, wadda ake haskawa a jikin abu ta nuna lamba. Idan aka bi fuskar lagireto da ita bayan inji ya ɗau zafi, ya kamata zafin ya riƙa raguwa a jere daga inda ruwa ke shiga zuwa inda yake fita. Duk wurin da aka tarar ya yi sanyi a tsakiyar wurare masu zafi, ruwa ba ya bi ta nan. Ka kuma haska tocila a tsakanin lagireto da kwandensar esi da ke gabansa, domin ƙura da ganye da leda sukan taru a wannan loko su toshe iska, alhali daga waje komai yana nan tsaf.

Wata-famfo, wato famfon da ke zagayar da ruwa a cikin inji, ita ma tana cikin waɗanda tsatsa ke ci. Fukafukanta na ƙarfe sukan zaizaye har su zama guntaye, na roba kuma sukan tsage su riƙa sulɓewa a kan sandarsu idan sun yi zafi, ta yadda daga waje za a ga tana juyawa amma ba ta tura ruwa. Fambel da ya saki yana haifar da irin wannan. Sai kuma tiyon ƙasa na lagireto, wanda famfo ke zuƙar ruwa ta cikinsa: idan ya tsufa ya yi laushi, yakan tsuke idan aka taka totur ya buɗe idan aka saki. Ka sa wani ya taka totur kana kallonsa, za ka gani da idonka.

Yanzu sai batun kofin ruwan da ke ɓacewa kowane mako, wanda bai kamata a raina shi ba, domin mota mai lafiya ba ta shan ruwa. Rashin ganin ɗigo a ƙasa ba hujja ba ne, saboda ƙaramin yoyo a jikin inji mai zafi yana ƙafewa kafin ya kai ƙasa, sai dai ya bar farin zane ko na tsatsa a gefen tiyo, ko a haɗin roba da ƙarfe na lagireto, ko a ƙarƙashin ɗan ramin da ke jikin wata-famfo. Idan darduma ta gaba tana jiƙa, yana yiwuwa hitar cikin mota ce take yoyo. Amma kafin duk wannan ka duba murfin lagireto, wanda mutane da yawa suke ɗauka marufi ne kawai. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma idan aka riƙe shi cikin matsi na kusan bar 1, a ma'aunin matsi, ba zai tafasa ba sai wajen digiri 120, kuma idan an gauraya shi da kulan rabi da rabi yana ƙara jurewa. Lambar da ke rubuce a kan murfin, 0.9 ko 1.1, ita ce matsin da aka ƙera shi ya riƙe. Idan robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai fara tafasa a lungunan da suka fi zafi a kan inji, tururi ya tura ruwa waje ta robar ajiya da ke haɗe da lagireto, washegari a ga ya ragu. Murfin yana da wani ƙaramin bawul da ke mayar da ruwa lagireto idan inji ya huce. In ya lalace, sai robar ajiya ta cika maƙil alhali lagireto ya yi ƙasa. Saboda haka ka riƙa buɗe lagireton kansa da safe kafin a tayar da mota, kada ka dogara da robar kaɗai. Gareji mai kayan aiki yana da famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura masa matsi a kalli agogo. Idan matsin yana sauka, akwai yoyo, kuma sau da yawa za a ga inda yake tsatsafowa. Da shi ake gwada murfin ma.

Shawarar cire tamostat kuwa ba na goyon bayanta ko kaɗan, duk da na san ta yaɗu. Tamostat bawul ne da ke tsare ruwa a cikin inji har ya ɗau zafin aiki, sannan ya buɗe, galibi a digiri 82 ko 88 gwargwadon abin da aka buga a jikinsa. Gaskiya ne yakan maƙale wata rana ya saki wata rana, kuma alamarsa ita ce allura ta yi sama alhali tiyon da ke fitowa daga gidansa bai yi zafi ba. Maganin wanda ya lalace shi ne a sa sabo mai lamba ɗaya da shi. Idan aka cire shi, inji zai daɗe yana aiki da sanyi, kwamfutar mota za ta ci gaba da ba shi mai da yawa, shan mai ya ƙaru, baƙin mai ya gurɓace da wuri, inji ya riƙa cinyewa. A wasu injunan ma tamostat ne yake rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji idan ya buɗe, don haka in babu shi wani kaso na ruwan zai riƙa kewayawa ba tare da ya je lagireto ba, motar ta ƙara zafi fiye da yadda take a da. Haɗa fanka kai tsaye ma ɓoye matsala ne: zai gajiyar da injin lantarkin fankar, kuma ba zai taɓa yoyo ko toshewar lagireto ba.

Maganar gasket ba zan kore ta ba, domin ruwan da ke ɓacewa babu ɗigo yana daga cikin alamunsa, kuma injin da ya sha zafi sau da dama yana iya ƙona shi ko da ba shi ne mafarin matsalar ba. Gasket da ya fara tsagewa yakan bar hayaƙin cikin silinda ya kutsa cikin ruwa lokacin da inji ke jan nauyi kaɗai, hayaƙin ya kori ruwa ya hana zagayawa, shi ya sa zafinsa ma yakan zo ya tafi. Amma ana tabbatar da shi kafin a kwance ƙusa ko ɗaya. Da safe, inji yana da sanyi, a buɗe murfi a cika ruwa a tayar da mota: kumfar da ke ta ɓulɓulowa a jere ba ta tsayawa alama ce mai ƙarfi. Haka nan tiyon sama da ya yi tauri ƙam cikin minti ɗaya ko biyu da tayarwa, ko injin da ke rawa na ɗan lokaci da safe sannan ya daidaita, ko farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan mota ta ɗau zafi, ko fulogi guda da aka ciro aka gan shi fes kamar an wanke alhali sauran suna da launin ƙasa. Akwai kuma gwajin sinadari, inda ake ɗora kwalba mai shuɗin ruwa a bakin lagireto a zuƙo iskar ciki. Idan akwai hayaƙin fetur, ruwan zai koma ruwan ɗorawa. Mutane sukan duba baƙin mai su ga bai yi fari ba su ce gasket lafiya yake, alhali yana iya tsagewa tsakanin silinda da hanyar ruwa bai taɓa hanyar mai ba. Idan gwaji ya tabbatar, to a auna kan injin a ga ko ya lanƙwashe ko ya tsage, musamman na alminiyom, kuma a gyara fankar da lagireton a lokaci guda, in ba haka ba sabon gasket zai bi sahun tsohon.

Da ni ne, da fanka da murfi zan fara, sannan gwajin matsi da na hayaƙi, sannan a wanke lagireto ko a canza shi, a sa sabon tamostat, a cika da kulan da ya dace da motar. Bayan an cika a tabbatar an fitar da iska, hita tana buɗe, ta ƙusar da aka tanada idan injin yana da ita, domin iskar da ta maƙale a ciki ita kaɗai tana iya dawo da zafin nan bayan an yi gyara mai kyau.

TAMBAYA

Malam, ni kuma allurar motata ba a hankali take hawa ba. Ina cikin tafiya sai in ga ta yi tsalle zuwa ja, kafin in sami wurin tsayawa ta dawo tsakiya. Ba na ganin tururi, ruwa kuma yana nan. Shin in ci gaba da hawa, kuma me ya kamata in yi idan ta hau ta ƙi saukowa ina kan hanya?

AMSA

'Yar'uwa, ƙarfen inji da litocin ruwan da ke cikinsa ba sa ɗaukar zafi su huce cikin daƙiƙoƙi, saboda haka allurar da ke tsalle ta fi nuna matsalar waya, ko sansar agogon zafin, ko wayar da ke haɗa inji da jikin mota. Ki lura ko tsallen yana zuwa ne lokacin da kika faɗa rami ko kika kunna fitila. Sai dai kada ki saki jiki kafin a tabbatar, domin iska ko tururin da ya ratsa ta kan sansa yana sa allura irin wannan rawa, kuma alamarsa ita ce hita ta riƙa busa sanyi da zafi a jere. Hanyar raba gardama ita ce a karanta zafin daga kwamfutar motar. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar karantawa. Idan ita tana nuna lamba a tsaye yayin da allura ke tsalle, agogon ne ko wayarsa, ba injin ba.

Idan kuwa ta hau ta tsaya a sama, ki kashe esi, ki buɗe hita har ƙarshe da fankarta, domin hita ƙaramin lagireto ce da za ta ɗebe wani zafin, sannan ki nemi wuri mafi kusa ki tsaya. In allura ta shiga ja, ko kika ga tururi, ko hita tana busa sanyi, ki kashe inji nan take, kada ki ce bari ki ƙarasa, domin 'yan mintoci a ja sun isa su lanƙwasa kan inji. Kada ki taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30, lokacin da za ki iya riƙe tiyon sama da hannu ki matsa shi ya yi laushi, domin ruwan da ke cikin matsi ya haura digiri 100 kuma zai yi feshi a fuska da zarar an saki murfin. Ko a lokacin ki ɗora tsumma mai kauri, ki murɗa kaɗan ki jira iska ta gama fita. Kada ki watsa ruwan sanyi a jikin inji mai zafi, kuma idan za ki ƙara a lagireto ki zuba a hankali. Idan kin cika kin tayar allura ta sake hawa cikin ɗan lokaci, to a ja motar zuwa gareji.